Miƙe Ƙafa a Gaban Manya

Ƙafar dama ya fara miƙewa. Har yau ina iya nuna inda yake zaune a zaurena, daf da ƙofa, wajen da bakin tabarma ya fara warwarewa. Ranar baƙi na yi, dattawa uku daga Dinawa, cikinsu har da wan mahaifinsa. Sun zo yi mana barka ne saboda ɗan ƙanwata ya kayar da wani ƙaton yaro a kokawar kaka da aka yi a Marnona. Aka kawo tuwo, kowa ya tanƙwashe ƙafa, muka kewaye kwano. Ina ɗaga kai sai na ga yaron namu ya karkace, ya dogara da hannun hagu, ƙafarsa ta dama a miƙe samɓal, tafinta yana kallon tsohon da ya girme mu duka.

Wanda bai tashi a nan ba zai ce mene ne a ciki. Mu kuwa a wajenmu yaro ba ya miƙe ƙafa a gaban manya. In zai gaishe su ya tsuguna, in zai zauna ya naɗe ƙafafunsa ya sunkuyar da kai. Tsohon ya kalli ƙafar, ya kalle ni, ya ci gaba da cin tuwonsa. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Kai!" na daka wa yaron tsawa. "Naɗe ƙahwakka! Don ka kada wani jiya, shi na za ka miƙe muna ƙahwa?"

Ya sa hannu biyu ya kamo gwiwar, ya jawo ta a hankali kamar ba tasa ba, ya tanƙwashe. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, irin ta busasshen kara in an taka shi. Na ɗauka tabarma ce. Bai sake kai hannu kwano ba, gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali lokacin sanyi ne. Na ce a raina, wato har fushi yake yi da ni. Shekarunsa goma sha biyar a lokacin.

Ni malamin firamare ne a Wurno, yanzu na ajiye aiki. Lissafi nake koyarwa, amma duk abin da ya shafi guje-guje da tsalle-tsalle ni ake ɗora wa, domin an san na taɓa kokawa da ƙuruciya. Ban yi wani suna ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na kayar da 'yan unguwa, da na leƙa waje aka tumurmusa ni, na dawo gida na kama alli. Sai dai abin bai fita raina ba. Ga ni da zafin rai, wannan ko maƙwabtana za su shaida. Yara in sun hango kekena a kwanar makaranta, kowa sai ya shiga taitayinsa.

Yana ɗan shekara goma ƙanwata ta kawo mini shi. Shi ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana sai da dalili mai ƙarfi. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka duk uwa take yi wa ɗan fari a wajenmu. Ta tsaya a tsakar gidana tana kallon gefe ta ce, "Yaya, ga wancan nan, ka riƙe shi ya yi karatu." Ta juya ta tafi ba ta waiwaya ba, amma matata ta ce ta ga tana share ido a bakin ƙofa.

Bai yi wata guda ba na gan shi lokacin hutun ƙarfe tara yana kokawa da wani ɗan aji shida. Yaro ne siriri mai dogayen hannuwa, amma ya iya shiga ƙarƙashin mutum. Ya duƙa ƙasa sosai, ya kamo ƙugun babban, kafin ka ce me ya ɗaga shi ya shimfiɗe. Ya kamata in raba su in zane su duka biyu. Maimakon haka na tsaya bayan taga ina murmushi ni kaɗai. Abin da na kasa yi, na ce, ga wanda zai yi mini shi.

Tun daga ranar, kullum bayan sallar asuba sai mu gangara bakin gulbi inda yashi yake da laushi. Abu biyu na fi sa shi, kuma su aka sa ni lokacin da nake kamarsa. Na farko tsallen kwaɗo: ya tsuguna har ɗuwawu ya kusa taɓa dunduniya, ya yi ta tsalle a haka daga gindin wata giginya zuwa bakin ruwa ya dawo. Da ya saba, na ɗora masa rabin buhun yashi a kafaɗa. Na biyu shi muke kira buɗe ƙugu. Ya zauna ya haɗa tafukan ƙafa, ni kuma in danna gwiwoyinsa da hannu har su taɓa ƙasa. In sun ƙi, in sa nauyin jikina. Tsofaffin 'yan kokawa sun gaya mana ƙashin yaro ɗanye ne, yadda ka murɗa shi haka zai zauna, kuma ban taɓa shakkar maganarsu ba. Shekara biyar muna wannan, ba damina ba rani, in ban da azumi.

Yaron bai taɓa cewa ya gaji ba. Yana da dariya, yana da tsokana, yakan kwaikwayi tafiyar hedimastanmu har matata ta riƙe ciki, amma a gabana shiru yake. Ya fara kayar da sa'o'insa, sannan waɗanda suka girme shi. Makaɗa suka fara yi masa kirari a fili. In ana kirarin, ni kaina ne yake kumbura.

Washegarin ranar da ya miƙe ƙafa a zaure na ninka masa tsallen kwaɗo. A makaranta da shi muke horon yara masu taurin kai, a bakin gulbi da shi nake gina ɗan kokawa, sai na ga ai na samu abu ɗaya da zai yi mini aiki biyu. Na ce masa girman kai ne ya fara shigarsa, kuma ta gwiwa zan fitar da shi. Ya yi. Amma na lura in ya kai ƙarshen tsuguno sai ya ɗan kauce gefen hagu, ya buɗe gwiwar dama waje. Na sa tsumagiya na gyara masa ita.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne na samo masa fassarar da ta yi mini daɗi. A masallaci ya daina tsayawa kusa da ni, ya koma ƙarshen sahu jikin bango. Na ce so yake ya riga kowa fita. Ashe zaman tahiya ne ya gagare shi, yana neman inda zai ɗan zame ƙafa ba tare da ya taɓa kowa ba. Ya daina zama a kujera 'yar tsuguno, sai ya kifa turmi ya zauna a kai. Na ce sarauta yake ji. In ya daɗe a banɗaki ya fito yana dafa bango, na ce ya ci wake ne ya yi yawa. Wani lokaci in yana tashi daga zaune sai in ji ƙarar nan, ƙas, yanzu kuma ba tabarma a wajen. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce ai kowa gaɓoɓinsa suna ƙara.

Lokacin dashen albasa muka je taya mahaifinsa aiki a gonarsu ta fadama wajen Goronyo. Dashe aikin tsuguno ne. Mutum ya tsuguna a bakin fangali, wato ɗan gurbin da ake ba ruwa, da damin iri a hannu, yana cusawa yana matsawa, tun safe har rana ta take. Kowa ya tsuguna, shi kuwa ya durƙusa da gwiwar hagu, ya miƙe ta dama baya, yana jan jiki a laka. 'Yan'uwansa suka samu abin yi.

"Zakaran Wurno ya hi ƙarhin tsuguno!" in ji ɗaya.

"Ku bar shi, ƙahwatai ta sarauta ta," in ji wani.

Ya yi dariya tare da su. Da azahar ƙanwata ta kawo fura. Ta ajiye ƙwaryar a gindin bishiya, ta daɗe a tsaye tana kallon wajen da yake, ko da yake in ka gan ta za ka ce ruwan fangali take kallo. Shi kuma ya miƙe tsaye, ya kama kwatangwalonsa da hannu, babban yatsa a baya, sauran yatsun sun zagayo gaba sun nutse a makwancin cinya. Ya daɗe a haka. Ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, tahiyar wancan ba ta yi min ba."

"Mi kig gani?"

"Ban sani ba. Kaman shina tausaya ma ƙahwa guda."

Na yi mata dariya. Na ce mata 'yan kokawa haka suke tafiya, ƙasaita ce. Ita ba za ta iya kiransa ta zaunar da shi ta ce nuna mini inda ke ciwo ba. Ta faɗi iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa, kuma ta faɗa wa wanda ta damƙa wa amana. Wanda ta damƙa wa amanar ya sha furarsa ya goge baki.

Duk da haka maganar ta ɗan tsaya mini. Da muka koma gida na kira shi zaure.

"Mi yas sami ƙahwakka?"

"Ba komi, Kawu."

"Ina maka magana kana ce min ba komi? Nuna min wurin."

Ya ɗora hannu a tsakiyar cinya. Sai daga baya na gane ba nan ba ne. Ciwon yana can sama, a cikin matsematsi, wajen da yaro mai kunya ba zai taɓa nuna wa kawunsa da yatsa ba. Ya nuna mini inda ya fi kusa da za a iya nunawa. Ni kuma na kai shi wajen wanzami aka kafa masa ƙaho a daidai inda ya nuna. Baƙin jini ya fito, wanzami ya ce ga mugun jinin nan, duk muka ce alhamdu lillahi. Na ba shi hutun mako guda, muka koma bakin gulbi.

Yana shekara goma sha bakwai aka gayyace mu kokawa a Tursa bayan an gama girbi. Akwai wani yaro a can da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, kuma duk yankin Rabah ana jiran ranar da za su haɗu da namu. Na ɗauke shi a babur. Da zai hau sai da ya kama wandonsa ya ɗaga ƙafar da hannu ya tsallakar da ita. Hanyar ba kyau, duk ramin da muka faɗa ina jin yadda yake ƙanƙame rigata. Da muka isa ya sauka, ya tsaya dafe da baburin, ya kasa ɗaga ƙafa na ɗan lokaci. Ana kiɗa a fili, mutane sun yi da'ira, yara sun hau katanga.

Muna bayan wani rumbu yana ɗaura walki da guru, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kawu, da za a bar ni yau."

Shekara bakwai yana hannuna, wannan ne karo na farko da ya roƙe ni wani abu. Na sha tuna wannan. Da na ce masa me ya faru, da na dafa kafaɗarsa, wataƙila da ya faɗa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Tsoro kaka ji?"

Ya ƙarasa ɗaura gurunsa ya shiga fili.

Ban taɓa ganin ya yi kokawa irin ta ranar ba, kuma ba ta yi mini kyau ba. Shi da aka sani da shiga ƙarƙashin mutum, ya ƙi duƙawa sam. Ya tsaya a tsaye yana tare ɗan Tursa da dogayen hannuwansa, yana ja da baya, yana ajiye ƙafar dama a baya kamar mai ɓoye wani abu. Mutane suka fara ihu ya shiga. Can ɗan Tursa ya gaji da jira ya afko da ƙarfi, namu ya kauce ya sa masa taɗiya da ƙafar hagu, ya bi shi ya danne. Wurin ya kaure. Na jefa hulata sama, ban ma san inda ta faɗi ba.

A al'ada wanda ya yi kaye yakan je gaban manyan gari inda suke zaune a kan tabarmi, ya tsuguna ya yi gaisuwa, su sa masa albarka. Makaɗa suka raka shi. Ya isa gabansu, ya fara sauka, ya kai rabi, sai ya tsaya cak. Na ga bayansa yana rawa. Ya sake gwadawa, ya sake tsayawa a daidai wurin. Sai ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya ɗaga hannu ya yi jinjina a tsaye. Kiɗan ya yi sanyi. Wani tsoho mai farin rawani ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ɗan wa na wanga? Ba a koya mai gaisuwa ba?"

Aka nuna ni. Ni da nake malami, ni da nake horon 'ya'yan mutane. Kunya ta rufe ni, ta juye ta zama fushi, kuma fushin bai huce ba har muka iso Wurno. Ban yi masa magana a hanya ba. Ban ce masa sannu da kaye ba.

Da asuba na tashe shi. A bakin gulbi na ce yau ba ƙidaya, zai yi ta tsallen kwaɗo har sai na ce ya isa, tunda tsuguno ne ya fi ƙarfinsa. Ya dube ni, abin da ba ya yi. Sannan ya kama kunnuwansa kamar ɗan firamare, ya sauka a hankali har inda ya tsaya jiya, ya cije leɓe, ya danna kansa ƙasa da ƙarfi. Ya yi tsalle ɗaya, biyu. Bai kai rabin hanya zuwa ruwa ba na ji ƙarar. Wannan karon ba 'yar ƙas ba ce, ta fi haka nauyi, har wani mai ban ruwa da ke can gefe ya ɗago kai. Ya faɗi ta gefe a kan yashi, ƙafar a ɗan lanƙwashe, ba ta miƙuwa ba ta naɗuwa. Bai yi kuka ba. Yana ta ƙoƙarin dafa ƙasa yana cewa, "Yi haƙuri, Kawu, bari in tashi. Yanzu za ni tashi."

Tsumagiyar tana hannuna. Ban san lokacin da na yar da ita ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

A amalanken mai ban ruwan muka kai shi gida. Mai ɗorin unguwarmu ya zo ya lallatsa, ya murza, ya ce shi bai ji karaya ba bai ji gocewa ba, abin yana can ciki inda hannunsa ba ya kai, mu tafi birni a ɗauki hoto. Allah ya saka masa da alheri, bai ɗaure abin da bai gani ba.

A Sakkwato wani likita matashi ya kwantar da shi rigingine. Ya ɗaga gwiwar dama zuwa ƙirji, ya karkato ta ciki, ya ɗan murɗa. Yaron da ban taɓa jin ihunsa ba ya yi ƙara har wata ma'aikaciya ta leƙo. Likitan ya tambaye shi ina ne, ya ga yana satar kallona, sai ya ce mini, "Malam, ɗan ba mu wuri." Na fita na tsaya a baranda kamar wanda aka kora daga aji. A 'yan mintocin nan ya gaya wa baƙo abin da ya kasa gaya mini cikin shekara biyu.

Da hoton ya fito likitan ya kira ni, ya ɗaga shi wajen haske. Ya ce kan ƙashin cinya ya kamata ya zama mulmulalle, yana juyawa cikin gurbinsa a kwatangwalo kamar taɓarya a turmi. Na yaron nan yana da wani tudu a gefe. Duk lokacin da ya tsuguna sosai, ko ya tanƙwashe ƙafa, tudun sai ya daki bakin gurbin. Yau ya daka, gobe ya daka, har guringuntsin da ya kewaye bakin ya yage, na cikin kuma ya fara cinyewa. Ya ce ana yawan ganin haka ga samarin da suka sha wasa mai nauyi tun ƙashinsu bai gama ƙosawa ba.

"Tun yaushe ya kasa tsuguno?" ya tambaye ni.

Na ce kamar shekara biyu.

"Da kunka ga haka, mi kunka yi?"

Na gaya masa. Ban rage komai ba, har buhun yashi, har danna gwiwa, har na jiya da safe. Ya ajiye biro ya dube ni. Bai zage ni ba, ni da nake jira ya zage ni. Na ce masa, "Likita, ni naj jawo mai?" Ya ce ba zai iya rantsewa ba, akwai waɗanda ƙashinsu yake fitowa haka ba su taɓa shiga fili ba. Amma ya ce da a lokacin da yaron ya fara gudun tsuguno aka bar shi, da yagewar ba ta kai haka ba. Jikinsa ya san abin da ke cutar da shi, shi ya sa yake miƙe ƙafar.

Sannan ya matsar da yatsa zuwa ɗaya gefen hoton. "Ka ga na hagu ma shina da tudun. Bai fara magana ba tukuna." Na tambaye shi ko zai fara. Ya ce wani yakan yi shiru har tsufa, wani ba ya yi. A kiyaye shi, kokawa kuma ta ƙare.

Ana yin aiki a kankare tudun, amma ba ko'ina ba. Mun bi maganar har wani asibiti mai nisa da aka kwatanta mana. Suka sake wani hoton, suka ce cikin gaɓar ya riga ya ci, ko an kankare ba lallai ciwon ya tafi ba, kuma wata rana, ba su san yaushe ba, sai dai a sauya gaɓar gaba ɗaya. Suka koya masa motsa jiki na ƙarfafa ƙugu, suka ce ya guji zama ƙasa-ƙasa. Muka dawo.

Ni na kai shi Dinawa da kaina, domin ban yarda wani ya riga ni faɗa ba. Ƙanwata tana bakin murhu. Na tsuguna a gabanta, ni yayanta, na faɗa mata duka. Ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Ta tashi ta wuce ni, ta nufi inda yake tsaye jikin rumbu, ta kira sunansa. Tunda ta haife shi ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta kira shi sau biyu, ta kama fuskarsa da hannuwanta a gaban kowa, ta ce, "Mi yah hana ka hwaɗa min?" Matan gidan suka sunkuyar da kai. Ni na fita waje.

Yanzu shekarunsa ashirin da uku. Dashe ya gagare shi, sai ya koma sayen albasa a bakin gona yana kaiwa kasuwa, yana zaune a kan dogon benci da aka yi masa musamman. Ya yi aure bara. A masallaci yana ƙarshen sahu a kan kujerar roba, tsakanin wani tsoho mai ciwon gwiwa da wani da ya haura tamanin. In na shiga na hango faɗin kafaɗunsa a cikinsu, sai in nemi sahun da ba zan gan shi ba. Ban ƙara zuwa kallon kokawa ba. Kafin in ajiye aiki na hana tsallen kwaɗo a ajina, sauran malamai suna ta yi mini dariya wai tsufa ya sa na yi laushi.

Bai taɓa yi mini maganar ba. Na roƙe shi gafara, ya ce, "Haba Kawu, mi kay yi min?" Wannan ya fi mini zafi a kan ya riƙe ni. Duk ranar kasuwa in ya shigo Wurno sai ya biyo ya gaishe ni. Na sa an ajiye masa kujera a zaure, ya ƙi hawa, ya ce ba zai zauna sama ina ƙasa ba. In na ce to ni ma bari in hau kujera, sai ya ce ai ya san na fi son tabarma. Sai ya dafa bango ya sauka a hankali a wurinsa na da, daf da ƙofa. Kuma duk zuwa, kafin ya gyara zama, sai ya tambaya.

"Kawu, in miƙe ƙahwa?"

Na gaya masa ya fi sau ɗari ya daina tambayata. Na yi masa faɗa a kai, na yi lallashi, har rantsuwa na yi. Sai ya yi murmushi ya ce to, mako mai zuwa ya sake.

Makon jiya ya zo, an kawo mana tuwo. Ya tambaya, na ce miƙe, ya miƙe ta dama, ya kautar da tafin daga wajena. Muna cikin ci na ga ya daina kai hannu kwano. Yana ta gyara zama, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Hannunsa na hagu ya tafi kwatangwalo, babban yatsa a baya, sauran a gaba. Na ajiye lomar da ke hannuna. Ya dubi ƙafarsa ta hagu da ke naɗe, ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kawu," ya ce, "har da wagga?"